Tsohuwa Ta Daina Zafi

Dogo ya danna makunni, ya ɗora tafin hannunsa na hagu a kan akwatin, ya ɗauki kofin shayi da na dama, yana jira. Haka yake buɗe kowace safiya tun kafin furfura ta san hanyar gemunsa. Amfilifayar jitarsa ce, baƙa, mai lasifika ɗaya, fatar jikinta duk ta ɗaye a kusurwoyi, kuma shi da abokan kiɗansa ba sa kiranta da komai sai Tsohuwa. Ba ta magana da zarar an kunna ta. A cikinta akwai wasu 'yan kwalabe masu kama da ƙwan fitila, sai sun yi ja sun ɗumama tukuna. Dogo yakan ji ɗumin yana hawowa ta cikin katako har tafinsa, sannan wani siririn gurnani ya biyo baya, irin na mage in ta samu cinya. A lokacin ne yake ajiye kofi ya jawo jita.

Ran nan shayi ya ƙare, ɗumi bai zo ba. Abin da ya zo wari ne na ƙonanniyar roba, da wani ɗan hayaƙi da ya fito ta baya ya tsaya a hasken taga, kamar baƙon da ya rasa wanda zai yi wa sallama.

Dogo makaɗin jita ne, ba shahararre ba. In ya ratsa kasuwa babu mai juyowa sai don tsayinsa. Mahaifinsa tela ne, ya so ya gaje shi, amma yatsun da suka ƙi allura sai suka so tsirkiya. Ya yi kiɗa a rumfuna, ya yi a falon otal, ya yi a bayan babbar mota ana tafiya. Ya aurar da 'ya'ya, ya rasa matarsa, ya rage daga shi sai 'yar autarsa a ciki da falo na haya. Yanzu su huɗu ne suke kiɗa a wani gidan cin abinci da ke saman bene, Asabar da Lahadi, daga la'asar zuwa faɗuwar rana: shi, da mai ganga, da mai fiyano, da wata mawaƙiya mai sanyin murya. Mutane na cin abincinsu suna hirarsu, kiɗan yana bin bayan kunnensu. Amma akwai wani wuri a kowace waƙa da Dogo yake jan tsirkiya ɗaya ya riƙe ta, sautin ya fito da kauri, da ɗan kaushi a gefensa, kamar muryar wanda ya sha kuka jiya ya huce yau. A nan cokula sukan tsaya. Wannan 'yar tsayawar ita ce duk abin da ya tara a duniya, kuma ya san da Tsohuwa ya tara shi.

Da ya tsaya a nan, da babu labari. Sai dai Dogo yana da baki.

Mai fiyano mutum ne mai tumbi da haƙuri. Fiyanonsa irin na lantarkin nan ne da in ka danna nan ya yi ƙaho, ka danna can ya yi sarewa. Dogo ya yi shekaru yana sa shi a gaba.

"Yau kuma wa za ka zama mana?" yakan ce. "Mai busa ko mai kiɗa? Ko akwai mai shara a ciki, ka fito da shi ya share mana dandamali?"

"Yaya Dogo, zamani ne."

"Zamanin ƙarya. Ni abin da ba ya zafi, ba ya gumi, ban yarda da muryarsa ba. Duk ranar da kuka ga na taka irin na'urorin nan, ku karɓe jitar ku ba mai girki ya hura wuta."

Ya faɗa a gaban ma'aikata, ya faɗa a gaban baƙi, ya faɗa har masu kai faranti suka haddace, in ya fara su ƙarasa masa.

Mai gangar kuwa Sanƙo ake ce masa, don kansa ya rabu da gashi tun yana saurayi. Gajere ne mai faɗin ƙirji, mai gumi kamar sabon tulu. Tare suka fara da Dogo, tare suka sha kora daga wuraren da yanzu ko ginin babu. Wata shekara suna sauke kaya daga saman mota, akwatin ƙarafan gangar Sanƙo ya suɓuce ya nufo tsakiyar kansa. Dogo ya kai hannu ya tare, wani abu ya ce ƙas a gadon bayansa. Tun daga ranar bai sake ɗaga abin da ya fi jita nauyi ba, tun daga ranar kuma Sanƙo ne ke ɗaukar Tsohuwa. Ba a yi shawara ba, ba a yi godiya ba. In wani ya miƙo hannu zai taimaka, sai Sanƙo ya ce, "Bari, kakata ce." Yakan rungume ta a ƙirji, ya hau doguwar matakalar benen nan mai kwana, yana nishi yana zaginta, ya dire ta kusa da gangunansa, ya shimfiɗa tawul ɗin goge guminsa a kanta.

Mai gyaran rediyo na bakin layi ya zo har gida. Ya kwance bayan Tsohuwa, ya leƙa, ya shinshina, ya cire tabarau.

"Baba Dogo, sai haƙuri. Taransifomar ta ƙone ƙurmus, ta tafi da rabin kayan ciki. Lasifikar ce kaɗai ta tsira."

"Naɗa mata wata."

"In na naɗa za ta yi magana, amma ba da muryar da ka sani ba. Irin wannan an daina yi tun ina goye."

Da ya tafi, Dogo ya zauna a gefen gado yana kallon ƙafafunsa. Auta, wadda ke aiki a shagon sayar da wayoyi, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa. Sai ta jawo kujera ta hau, ta sauko da wani kwali daga saman kabad, ta hure ƙurarsa. Ita ta kawo masa shi bara, don tausayin bayansa da gwiwar Kawu Sanƙo. Godiyar da ta samu a lokacin ita ce, "Kai wa mai fiyano, danginsa ne."

Abin ciki bai fi tafin ƙafa biyu faɗi ba. Baƙin ƙarfe ne, da ɗan gilashi mai haske irin na waya, da maɓallan murɗawa, da wasu manyan madannai masu ƙyalli a jere a ƙasa. Da ƙafa ake taka su ana cikin kiɗa, shi ya sa ake ce masa feda.

"Baba, ba sabon sauti yake ƙirƙira ba," in ji Auta. "Kwaikwayo yake yi. An bi tsofaffin amfilifayoyi ɗaya bayan ɗaya, an saurari yadda kowace take magana, an zuba a ciki. Wataƙila 'yar'uwar Tsohuwa tana nan."

"Tsohuwa ba ta da dangi a gwangwani."

"To ran Asabar sai ka hau dandamali ka yi musu da baki."

Ya harare ta. Ta harare shi, da idon uwarta. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya saki labule, da rana tsaka.

Ta sa adafta a soket, ta cusa wayar jita a ramin dama, ta ɗora masa hedifon a kunne. Ya taɓa tsirkiya ɗaya. Wani ruri ya cika masa kai, kamar an tayar da injin niƙa a cikin ƙwaƙwalwarsa. Ya fizge hedifon ɗin ya yar a kan gado. Auta ta riƙe ciki tana dariya.

"Wannan na samari ne masu girgiza kai. Taka na gaba."

Ya sunkuya da kyar, ya sa babban yatsa ya danna.

"Da ƙafa ake yi, Baba."

"Na san abin da na faɗa a gaban mutane."

Ta bar shi da yatsansa. Suka bi sautukan da aka zo da su a shirye, wani kamar cikin rijiya, wani kamar ƙarƙashin ruwa, wani yana maimaita duk abin da ka kaɗa kamar yaro mai tsokana. Babu nasa. Sai ta nuna masa cewa mutum yana iya gina nasa tun daga tushe. Ka zaɓi amfilifaya, ka zaɓi akwatin lasifikar da za ta yi magana ta ciki, ka zaɓi makirufon da za a ajiye a gabanta, kusa ko nesa.

"Har makirufon ma na ƙarya ne?"

"Har ɗakin da aka ajiye shi."

"Allah ya shirya," in ji Dogo. Amma ya gyara zaman tabarau a hancinsa.

Washegari ta tafi aiki ta bar shi da abin. Ya ga maɓallan ba baƙi ba ne, irin na Tsohuwa ne: na kauri, na kaifi, na tsakiya, da wanda ke ƙara kaushi. Da farko ya yi abin da mai jin yunwa yake yi in ya samu tukunya a buɗe, ya zuba komai, amsa-kuwwa a kan amsa-kuwwa, har jitar ta ɓace a ciki. Daga baya ya fara ragewa. Ya kashe wannan, ya kashe wancan, ya bar amfilifaya ɗaya tsirara da lasifika ɗaya, ya rufe ido, ya riƙa murɗawa kaɗan-kaɗan kamar mai neman tasha a tsohuwar rediyo. Wajen la'asar ya ji ya kusa. Don murna ya tashi ya kashe soket, yadda ya saba yi wa Tsohuwa in za ta huta. Da ya sake kunnawa, injin niƙan nan ne ya tare shi.

Auta ta dawo ta ga fuskarsa.

"Ka adana?"

"Adana me?"

Ba ta yi dariya ba, wannan ya fi masa ciwo. Ta kama yatsansa kamar yadda ya taɓa kama nata yana koya mata riƙe cokali, ta ɗora a kan wani ɗan maɓalli. "In ka samu abin da kake so, ka danne nan, kada ka saki sai gilashin ya ƙifta."

Ya sake farawa daga farko. Ana jibi kiɗa, da hantsi, ya ja tsirkiyar nan tasa ya riƙe. Sautin ya zo, da kaurinsa, da ɗan kaushin gefensa, da yadda yake lanƙwasawa kafin ya mutu. Dogo ya cire hedifon ya juya ya kalli kusurwar ɗaki, don ya rantse daga can ya fito. Tsohuwa na nan a zaune da cikinta a buɗe, shiru.

Ya danne maɓallin har gilashin ya ƙifta. Bai ji daɗi ba. Da abin ya gaza, da ya ci abincinsa da marmari, ya samu sabon labarin da zai ba mai fiyano. Amma ga shi ƙarfe mai sanyi, wanda bai taɓa hawa mota a rana ba, bai taɓa shan ruwan sama a bayan rumfa ba, ya buɗe baki ya yi magana da muryar da Dogo ya ɗauka tasa ce shi kaɗai. Ya ji kunnuwansa suna zafi, alhali babu kowa a ɗakin.

Ya aika aka kira mai gyara.

"Ai ka huta, Baba," in ji shi da ya saurara. "Ka jefa shi a jakar jita, in ka je ka haɗa da miksa, na'urar haɗa sauti ta wurin, kai tsaye. Ba ka bukatar akwatin nan kuma."

"A ciki nake so ka sa min shi."

"A cikin me?"

Dogo ya nuna da haɓa. Mai gyara ya kalle shi, ya kalli Tsohuwa, ya buɗe jakar kayan aikinsa. Ya kwashe ƙonannun kayan cikin duka, ya ɗaura wani ɗan allon lantarki mai girman tafin hannu da zai riƙa tura tsohuwar lasifikar, ya kwantar da fedar a gindin akwatin, ya ja waya daga ramin gaba zuwa gare ta. Ya bar jar fitilar gaba tana kamawa. Maɓallan fuska kuwa suna nan suna juyawa, amma ba su riƙe da komai, kamar haƙoran roba. Da ya gama ya sa yatsu biyu a mariƙi ya ɗaga ta sama.

"Baba Sanƙo zai sa maka albarka. Yanzu ko Auta ta ɗauke ta da hannu ɗaya."

Maganar nan ta tsaya wa Dogo a rai. Sanƙo zai sunkuya da dukan ƙarfinsa, akwatin ya tashi kamar kwando, kuma kafin su kai bene kowa ya ji.

A bayan gidan akwai tarin jan bulo da mai gida ya bari tun wata katanga da bai ƙarasa ba. Dogo ya riƙa shigo da su ɗaya-ɗaya, yana dafe da ƙugu, yana duba ko maƙwabta na kallo. Ya naɗe kowanne a tsohuwar riga, ya jera su a gefen fedar, ya ɗaure da waya. Sai ya tsaya, don ya gane bai san nauyin Tsohuwa ba. Rabonsa da ɗaga ta tun Auta na rarrafe. Ya tura ta da ƙafa, ya ga kamar ta yi saurin motsi, ya ƙara ɗaya. Ya sake turawa, ya ƙara wani.

A haka Auta ta same shi, a durƙushe, da jar ƙura a gwiwoyin wandonsa.

"Baba. Kawu Sanƙo fa da bandeji a gwiwa yake yawo."

"Na ɗan lokaci ne. Kafin in san yadda zan faɗa."

Ta zuba masa abinci ta ajiye, ta ɗauki nata ta shige ciki, abin da ba ta taɓa yi ba tun rasuwar uwarta.

Ran Asabar Sanƙo ya zo da motar da suke ɗauka. Ya shigo yana waƙa, ya sunkuya, ya rungumi Tsohuwa, ya ɗaga. Ya ɗan tsaya. Zuciyar Dogo ta tsaya tare da shi.

"Kakata, me kika ci a makon nan?" in ji Sanƙo, ya fita da ita.

A dandamali Dogo ya danna makunni. Sautin a shirye yake nan take, amma ya ɗora tafinsa a kan katako mai sanyi, ya yi tsaye yana jiran ɗumin da ya san ba zai zo ba. Ya murɗa maɓallin da bai riƙe da komai ba, ya karkata kai, ya ɗan mayar da shi baya. Suka fara. Da wurin nan ya zo ya ja tsirkiya ya riƙe, cokula suka tsaya. Wata tsohuwa a teburin taga ta ajiye kofinta ta rufe ido.

Da aka gama waƙar mai fiyano ya miƙo wuya.

"Yaya Dogo, na sallama. Wannan kam babu na'urar da za ta yi shi."

Wurin da ya kamata Dogo ya harba masa magana ke nan, masu kai faranti ma sun rage tafiya suna jira. Sai ya sunkuyar da kai yana duba wata tsirkiya da lafiyarta ƙalau.

Mako ya bi mako. Ya daina tsokanar mai fiyano, har mawaƙiyar ta tambaye shi ko jikin ne. Da safe a gida har yanzu yakan ɗora hannu a kan akwatin, shayi ya ƙare, ya cire hannun da sanyi. Kowace Asabar yakan fito da maganar a bakinsa, a shirye, kowace Asabar kuma yakan haɗiye ta a gindin matakala. Nan ne wurin da ya fi tsana. Sanƙo a gaba, shi a baya da jita a rataye, ba shi da abin kallo sai ƙeyar abokinsa, jijiyoyi sun tashi, gumi na gangarowa cikin wuyan riga, ƙafar hagu tana jan ta dama. Da can nishin Sanƙo da zaginsa abin dariya ne a gare su duka. Yanzu kowane nishi Dogo ya san sunansa, ya san rigar da ya naɗe shi a ciki.

Wata safiya ya kwance bayan akwatin ya cire bulo ɗaya. Ya zauna yana kallonsa. Tsoro ya kama shi kada a ji bambanci, ya mayar da shi a gurguje, ya ɗaure yadda ya samu.

A ƙarshen matakalar, kafin a shiga falon cin abinci, akwai wani ɗan ɗakin ajiya inda suke barin jakunkunan kayan kiɗa, tsakanin kujerun da aka kifa a kan juna da kwalayen sabulu. Ran wata Lahadi Sanƙo bai wuce da Tsohuwa dandamali ba. Ya shiga ɗakin ya dire ta, ya zauna a kan kwali, ya naɗe ƙafar wando. Gwiwar ta kumbura tana sheƙi. Ya ciro kwalbar man zafi daga aljihu ya fara shafawa. Dogo ya tsaya a bakin ƙofa da jitarsa.

"Dogo."

"Na'am."

"Shigo ka turo ƙofar. Alfarma nake nema."

Ya shigo, ya turo.

"In za mu ci gaba a haka, ka riƙa ɗaure su da kyau. Akwai ɗaya da yake zamewa. Duk kwanar da na sha sai ya dokar min haƙarƙari."

"Su wa?"

"Haba, Dogo. Bulo ne ko duwatsu? Ni na ce bulo, dutse ba ya irin wannan ƙarar."

Dogo ya nemi inda zai ajiye idonsa ya rasa. Ya kalli kwalayen sabulu, ya kalli ƙafar kujera. Ya ji tsayinsa ya yi masa yawa, ya so a ce shi ne gajeren.

"Tun yaushe?" Muryar da ta fito ba tasa ba ce.

"Tun a ƙofar ɗakinka. Tsohuwa nauyinta a hagu yake, can sama, shekara da shekaru wannan gefen nake jinginawa a kafaɗa. Ran nan na ɗaga na ji nauyi a gindi, kuma ya fi na da. Kai ina ka san nauyinta? Ka ƙara mata ƙiba, mutumina. Na ce to, wataƙila gyara aka yi. Sai tawul. Da, in na goge kai na shimfiɗa a kanta, kafin mu gama waƙa ya bushe ƙayau, har da ɗuminsa. Yanzu in na ɗauka kamar na tsamo shi a bokiti. Na sunkuya kamar ina gyara ƙafar ganga, na leƙa ta ramin baya, sai ga wani ɗan gilashi yana ƙifta min ido."

"Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Ni zan yi magana?" Sanƙo ya ɗago. "Makon farko dariya na sha. In na ga ka dafa ta kana jira kamar likita, kana murɗa maɓalli kana gyaɗa kai, har sanda ta kusa suɓuce min. Na ce gobe zai faɗa min, mu yi dariyar tare. Goben ta zo ta wuce."

Ya rufe kwalbar, ya goge yatsunsa a wando, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

"Nauyin bai dame ni ba. Na ɗauki abin da ya fi shi. Abin da ya dame ni, da ka zauna kana tunanin waɗanda za a ɓoye wa, ka sa ni a ciki. Ni da mai fiyano da masu kai faranti, layi ɗaya."

Daga kicin ana jin ƙarar faranti da ruwan famfo. Dogo ya buɗe baki. Duk maganganun da ya shirya a makonnin nan, masu kyau, masu dalili, babu wadda ta yarda ta fito. Ya jingine jita a bango.

"Ba ni sukudireba."

Sanƙo ya laluba jakar ƙarafansa ya miƙa masa. Dogo ya durƙusa, bayansa ya yi ƙara, bai kula ba. Ya kwance murfin, ya warware wayar, ya fara fito da su. Kowanne a cikin rigarsa, wata mai layi-layi, wata wadda ya sa ranar da suka fara kiɗa a benen nan. Ya jera su a gindin bango. Sanƙo yana kallo, yana girgiza kai.

"Har da wannan? Katanga ka so ginawa a ƙirjina?"

Dogo ya fito da na ƙarshe. Jar ƙura ta ɓata masa hannu.

"To, ya isa," in ji Sanƙo, muryarsa ta sauko. "Mayar da murfin. Zan rungume ta in yi nishina kamar kullum, ai na iya. Babu wanda zai sani."

Dogo ya tsaya da murfin a hannu. Ƙofa ce aka buɗe masa, mai faɗi, kuma ya ji ƙafarsa tana son bi. Ya hango Asabar mai zuwa, da ta bayanta: Sanƙo a gaba yana nishin ƙarya a kan matakala, yana zagin kwando, shi kuma a baya yana kallon ƙeyarsa.

Ya ajiye murfin a ƙasa.

"Ɗaukar da ka yi ta isa haka," in ji Dogo.

Ya sa hannu can gindin akwatin ya kwance fedar, ya jawo ta waje da doguwar wayarta. Sanyi gare ta kamar cokali. Ya goge ƙurar gilashin da gefen rigarsa.

"Za su cinye ka ɗanye," in ji Sanƙo. "Mai fiyano shekara nawa yana jiran wannan rana."

"Na sani."

"Mai girki ma zai zo karɓar jita. Ka yi masa alkawari."

"Bari ya zo."

A falo mai fiyano ya fara gwada kayansa. Ƙahon nan nasa ya tashi, ya zagaya teburori, ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Dogo ya miƙe a hankali. Ya maƙale fedar a hammatarsa ta hagu, ya sa hannun dama a mariƙin Tsohuwa, ya tattaro ƙarfi kamar yadda jikinsa ya tuna, ya ɗaga. Ta tashi da sauƙin da ya sa ya yi tangaɗi, har ya dafa bango da kafaɗa. Sanƙo ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya kama bakinsa.

"Jitar fa?"

"Taho min da ita. Ita ce daidai gwiwarka."

"An ce da ƙafa ake taka abin."

"Haka aka ce."

Ya tura ƙofar da gwiwar hannu. Ƙofar gajeriya ce, kullum sai ya sunkuyar da kai kafin ya wuce ta. Ya sunkuyar, ya fita, kuma ko da ya wuce bai ɗago ba.